Katin da Ke Aljihun Kakana a Madina

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Zariya, ni da kakana, a motar wani maƙwabcinmu da ya ɗauki nauyin kai mu filin jirgin sama na Kano. Masu turo mini saƙo kuna cewa na dawo daga Madina na yi gum, ko hoto ɗaya ban sa ba, ku yi haƙuri. Sai yau na iya zama na rubuta, kuma ko yanzu idan na zo wani wurin sai na ajiye wayar na sha ruwa tukuna.

Kakan nan nawa shi ya haifi mamata. Tsohon malamin gona ne, ya bar aiki tun ban yi wayo ba. Kawuna, wato ɗansa, yana aiki a ɗakin magani na wani asibiti a Madina, shi ya aiko a kawo masa Baba ya yi umara tun da sauran ƙarfinsa. Mama ciwon ƙafa ya hana ta tafiya, sai abin ya faɗo kaina, tunda na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, kuma dama ni ke ba shi magani a gida. Yana da ciwon suga, ga mantuwa da ta fara kama shi. Ba wai ya fita hayyacinsa ba ne. Zai ba ka labarin abin da ya faru kafin a haifi mamata babu tuntuɓe, amma ka tambaye shi ko ya karya kumallo sai ya tsaya yana kallonka. A soro Mama ta damƙe hannuna ta ce, "Ga ubana nan. Yadda na ba ki shi, haka za ki dawo mini da shi." Na ce to, ina dariya. Da na san abin da ke gabana da ban yi dariyar nan ba.

Hanyar Kano lafiya lau, in ban da inda ake gyara aka karkatar da mu muka haɗa hannu ɗaya da manyan motoci. Mun tsaya a Kwanar Ɗangora don ya sa wani abu a ciki kafin ya sha magani. Ƙosan wurin ya tsuke ya koma kamar kanya, kuɗinsa kuma ya kumbura. Kakana ya ɗaga ɗaya ya jujjuya ya ce wa mai suyar, "Baiwar Allah, wannan ƙosai ne ko jikansa?" Ni kuwa amarya yake kirana, irin wasan kaka da jika, ni kuma na ce masa tsoho. Mai shayi ya ji yana cewa, "Amarya, miƙo mini suga," na ce, "Tsoho, ko a mafarki." Ya bi mu da kallo har muka shiga mota.

Ban taɓa shiga jirgi ba. Da ya kwasa da gudu ya ɗaga hanci sama, na rufe ido na karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa. Kakana ko a jikinsa. Ya jawo jakarsa ya fito da gwangwanin biskit ɗinsa, wanda duk gidanmu an san shi, ya buɗe a kan ɗan teburin da ke gabansa.

Sai na yi muku bayanin gwangwanin nan kafin ku gane sauran. Yana saurayi gwamnati ta tura shi karatun noma Amurka, can kudancin ƙasar, a wata kwaleji ta baƙar fata. Ya ce bayan an 'yanta bayi, makarantun Turawa ba sa karɓar 'ya'yansu, sai aka kafa musu nasu, kuma da yawa har yau suna nan. A can ya kamu da son tsofaffin katunan gidan waya, irin masu hoto a gaba, a baya a rubuta gaisuwa a manna kan sarki. Shi ba ya aika wa kowa, tarawa yake. Kuma ba na teku ko na furanni ba, na gine-ginen makarantarsu da sauran makarantun baƙar fata kaɗai. Mafi yawansu sun girme shi, a shagunan gwanjo ya tsinto su. Da hannu aka yi wa hotunan launi, shi ya sa sama ta yi shuɗin da ya wuce kima, ciyawa kuma kore shar kamar an zuba fenti. Akwai mai hasumiya da agogo a samanta. Akwai ɗakin kwanan 'yan mata mai fararen ginshiƙai, 'yan matan na tsaye a kan matakala ƙanana kamar tsinken ashana. Akwai laburare mai ƙubba, akwai ma garken shanu da wani rumbu dogo kamar tankin ruwa, inda ya ce ya koyi tatsar nono da inji. Kusan duk da jan bulo aka gina su. Ya ce a wasu makarantun ɗalibai ne suka haƙa ƙasa suka buga bulon suka gasa da hannunsu, da rana gini, da yamma aji. Wasu gine-ginen gobara ta ci, wasu an rushe, sai a kati kawai suka rage.

Wanda ya fi so wani dogon gini ne mai bene, ƙofofinsa da tagoginsa masu baka a jere kamar an ja igiya. A nan ya kwana duk zamansa, har ya ɗiga biro a kan tagar ɗakinsa. Katin ya sha hannu, jan bulon ya koɗe ya koma toka-toka. Matar da ke zaune kusa da mu ta leƙo ta ce, "Alhaji, gidanka ne?" Ya ce, "Gidana ne mana."

Mun sauka Madina da la'asar sakaliya. Ana buɗe ƙofa iska ta buge ni kamar na leƙa tanderun burodi. Kawu ya tarye mu, ya durƙusa a gaban Baba a tsakiyar mutane, su biyun suna share ido. Gidansa a unguwar Ƙurban yake, a saman bene, tafiya kaɗan ce zuwa masallacin Ƙuba. Tituna sumul, motoci kuwa gudu suke kamar an biyo su, mai tsallaka titi sai ya yi da gaske. Matar kawu haihuwar Madina ce. Kakanninta ne suka taho hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa suka zauna. Maganarta tana da daɗin ji, rabi Hausa rabi Larabci. "Yalla, ya binti, sa ruwan nan a tallaja." Tallaja ita ce firij, kalmar da na fara koya ke nan. 'Ya'yanta kuwa ka yi musu Hausa su ji sarai, su amsa maka da Larabci. Da safe ana sayo wani faffaɗan burodi mai zafi da suke ce wa tamis, a ci da damammen wake da man zaitun, riyal kaɗan ya ƙosar da gida guda. Da rana shinkafa da kaza, kullum shinkafa da kaza, har kakana ya ce in ya koma gida ya haɗu da kaza da Larabci zai gaishe ta. Kukar da Mama ta ƙunso mana ita ta cece shi.

Tun ranar da muka sauka kawu ya ba shi kati. A Madina kowane baƙo yana yawo da katin masaukinsa. In ka ɓace ba sai ka iya Larabci ba, ka tare mota ka miƙa wa direba, shi zai kai ka. Kawu ya buga wa kakana nasa da sunan unguwa da lambar gida da lambar wayarsa, aka manne shi da leda aka sa masa igiya. Ya zauna ya koya wa Baba kamar ɗan firamare: in ka duba ba ka gan mu ba, tare mota, nuna kati, ka ce "hina", wato nan. Kakana ya maimaita tsaf, amma ya ƙi ratayawa. Ya ce shi ba tunkiya ba ne da za a ɗaura wa igiya a wuya. Aka sasanta a kan aljihun gaba. Waya kuwa mun daɗe da daina ba shi, tun da ya tsoma wata a randa ya ce ta yi zafi. Aikina shi ne duk fita na tambaye shi, "Tsoho, katinka fa?" ya dafa ƙirji ya ce yana nan.

Kwanakin farko sun yi daɗi. Mun yi salla a Harami, na ga manyan laimomin farfajiya suna buɗe kansu babu mai taɓa su. Mun je Uhudu. Mun shiga kasuwar dabino, inda kowane mai shago ya iya "Hajiya, zo, araha", a yi ta ba ka ɗanɗano har ka ƙoshi ba ka sayi komai ba. Amma cinkoson ya tsorata ni tun farko, don ka saki hannun mutum ka gyara hijabi, kafin ka ɗago jama'a sun shiga tsakaninku. Sannan kusan kowace salla a Harami, ana sallamewa sai a yi shelar sallar gawa. Kakana in ya fito sai ya ce, "Waɗannan sun dace, amarya. A binne mutum a Baƙi'a!" Na ce ya daina, ni Zariya zan mayar da shi.

Wata yamma ya baje katunansa a kan darduma yana nuna wa matar kawu. Ta riƙa ɗagawa tana cewa, "Mashallah, duk wannan na baƙaƙe ne? Har da agogo a sama?" Ta ce ita kakarta ta ba ta labarin da suka iso garin nan da itace da gwangwani suka yi ɗaki. Kakana ya ce, "Su ma da rumfa suka fara, 'yata. Wannan da kike gani daga baya ne." Ni kuma na bi katunan ɗaya bayan ɗaya na ɗauka a waya, da nufin na sa muku ku gani.

Ranar Asabar mutane kan je Ƙuba su yi nafila da hantsi. Kawu ya so ya raka mu, sai aka kira shi wurin aiki. Matar kawu ta ce ba komai, ga masallaci ga gida, mu je mu dawo mu karya. Na ba kakana maganin sugansa da rabin kofin shayi, tamis kuwa aka ce sai mun dawo don a ci da zafinsa. Ya sa sabuwar farar jallabiya da matar kawu ta saya masa. A bakin ƙofa na ce, "Tsoho, katinka fa?" Ya dafa aljihu ya ce, "Yana nan. Ina za ni ba shi?" Har na kai hannu na taɓa ta saman yadin, na ji taurin kati. Muka fita.

A masallacin ƙofar maza daban, ta mata daban. Muka kai shi har bakin tasu, na nuna masa wata bishiyar dabino kusa da wurin ajiye takalma, na ce nan zai tsaya in ya fito. Ya ce, "Kin mayar da ni yaro." Ya shiga.

Muka yi sallarmu muka fito. Babu shi a gindin dabinon. Matar kawu ta ce ma'alesh, wato ba komai, tsofaffi suna daɗewa a addu'a. Muka tsaya. Motocin 'yan ziyara suna zuwa suna zazzage mutane suna kwasar wasu. Ku sani, a wurin nan kusan duk namiji farar jallabiya ce a jikinsa. Na bi bayan tsofaffi ban san adadinsu ba ina kiran "Tsoho! Tsoho!" su juyo na ga ba shi ba ne. Muka roƙi wani Bahaushe ɗan Nijar ya shiga ya duba mana sahu-sahu. Ya fito ya ce babu mai kamannin da muka faɗa. Na je inda na ga ya ajiye takalmansa. Babu su. Wato ya riga mu fitowa.

Na nemi bango zan jingina. Matar kawu ta tare ni ta ce, "La, la, ya binti, kar ki faɗi mini a nan. Ai yana da kati. Yanzu haka mota ta kai shi gida yana can yana jiranmu." Na riƙe maganar nan muka taho kusan da gudu. Babu shi a ƙofar gida, babu shi a matakala. Na shiga ɗakinsa don na ɗauko fasfo, sai na ga kaftanin da ya cire a rataye, wata igiya tana leƙowa daga aljihu. Na ja. Katin kawu ne.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga matar kawu a kaina.

Kawu ya iso ko rigar aiki bai cire ba. Tambayarsa ta farko, "Ya sha magani?" Na ce ya sha. "Ya ci abinci?" Na ce bai ci ba. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce a hankali, maganin nan in babu abinci a ciki, ga rana, suga zai iya faɗuwa mutum ya sume inda yake. Ya kira 'yan sanda, ya shiga kiran asibitoci ɗaya bayan ɗaya da Larabci. Ba na jin abin da yake cewa, har sai da na tsinci kalmar da na sani. Tallaja. Ya juya mana baya ya rage murya ya sake faɗa. Na kalli matar kawu, ta kau da kai. Ba wanda ya fassara mini, ni da kaina na gane wane irin firij ake tambaya a asibiti. Shelar nan ta bayan salla ta dawo mini a kunne, da muryarsa yana cewa sun dace. Wayata ta hau ƙara. Mama ce, kiran da take yi kullum da safe don ta ji muryarsa. Na zuba wa wayar ido har ta katse.

Ina zaune a ƙasa abu ɗaya yana cina: to me na taɓa a aljihunsa? Kati na taɓa, na tabbata. Na rarrafa na jawo gwangwanin na zazzage. Mai agogo yana nan, mai ginshiƙai yana nan, garken shanu yana nan. Dogon ginin mai baka ne babu.

Ni na ce masa kati, kawu ma kati ya ce. Shi kuwa abin da yake kira katinsa tun yana saurayi guda ɗaya ne. Bai yi mini ƙarya ba.

Na ce, "Kawu, abin da ka koya masa ya yi. Ya fito bai gan mu ba, ya tare mota, ya nuna kati, ya ce nan." Kawu ya ce, "Wane direba ne zai ɗauki mutum da hoton Amurka?" Matarsa ta ce, "Direbobin garin nan? Wallahi ko hoton duniyar wata ka nuna musu, shiga za su ce maka." Aka yanke kawu ya bi asibitoci, mu kuma mu koma Ƙuba da hoton da ke wayata mu yi yadda ya yi.

A bakin masallaci muka bi masu motocin haya muna nuna musu. Ba wanda ya ce shi ya ɗauke shi, na safe sun tafi wasu sun zo. Sai muka sauya tambaya: da an miƙo maka wannan, ina za ka kai mutum? Suka taru a kan wayata suna gardama, kowa da yarensa. Wani ya ce makaranta ce, ya san ta. Muka shiga motarsa, ya zaga da mu ta Al-Sih har wata makaranta mai sabon gini da gilasai, ko kama babu. Mai gadin wurin ya ce yau babu karatu, bai ga kowa ba. Rana ta take. Duk tsohon da na hango a gefen titi sai na buga gilashi na ce a tsaya. Daga baya na daina duba masu tafiya, na koma duba gindin katanga da bayan motocin da aka ajiye, inda mutum zai iya faɗuwa ba a lura ba. Addu'a ma ta ƙi fitowa, sai "Ya Allah, ya Allah" kawai.

Matar kawu ta karɓi wayar, ta ja hoton ya girma, ta rufe ciyawar da bishiyoyin da tafin hannunta ta bar ginin kaɗai. Ta ƙura masa ido. Can ta buga kujerar direba ta ce, "Mahatta! Tsohuwar mahatta ta Ambariyya!" Ta juyo ta ce mini tashar jirgin ƙasa ce ta zamanin Turkawa, an daɗe da daina aiki da ita, sai masu zuwa kallo. Tana yarinya ta gabanta suke wucewa.

Muna shan kwana na hango ta. Dogon gini ne na dutse, bene a tsakiya, ƙofofi masu baka a jere. Ba jan bulo ba ne, babu ciyawa irin ta hoton, amma duk direban da aka miƙa wa koɗaɗɗen katin nan a garin nan ba za ka ga laifinsa ba in ya kawo ka nan. Tun motar ba ta gama tsayawa ba na fice.

Yana zaune a kan kujerar roba a 'yar inuwar bango, wani mai gadi a tsaye kusa da shi da gorar ruwa. Hularsa tana kan cinya. Jallabiyar ta jiƙe sharkaf, hannunsa yana karkarwa, katin kuwa yana riƙe gam. Turanci yake zuba wa mai gadin tiryan-tiryan, irin wanda ban taɓa jin ya yi a gida ba, mai gadin sai gyaɗa kai yake ba ya jin ko ɗaya. Na durƙusa na ce, "Tsoho." Ya dube ni yadda ake duban baƙuwa. Ya ce da Hausa, "Yarinya, ke ma ɗaliba ce? Sun kulle ɗakin kwana, ga kayana a sama." Ya nuna wata taga.

Kallon nan ya fi komai tsorata ni a ranar.

Matar kawu ba ta tsaya kuka ba. Ta zaro dabino daga jakarta ta ɓare ta sa masa a baki, ta aiki direban ya sayo lemon kwali mai zaƙi. "Ci, ya Baba. Bismillah. Ƙara." Yana tauna a hankali, ni ina yi masa fifita da gefen hijabina. Mai gadin ya gaya mata wata mota ce ta sauke shi tun da hantsi, ya ƙi tafiya, ya ƙi shiga masallacin da ke kusa ya huta, sai nuna kati yake yana nuna bene. Ya ce yana shirin kiran 'yan sanda ke nan muka iso. Can karkarwar ta fara lafawa. Kakana ya lumshe ido ya buɗe, ya dube ni da kyau, ya ce, "Amarya, kukan me kike yi? Wa ya taɓa ki?" Nan na kifa kai a gwiwarsa na yi kukan da ban taɓa yi ba, a gaban mai gadi da direba da kowa.

Kawu ya same mu a can. Ya auna sugan, ya kalli abin awon, ya mayar aljihu bai nuna wa kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Alhamdu lillahi da ba ku ƙara daɗewa ba." Asibiti muka wuce, aka ƙara masa ruwa, da yamma aka sallame mu. Sai a lokacin na kira Mama. Na fara da cewa yana lafiya, ga shi nan kusa da ni, kafin na faɗi sauran. Ta ce na ba ta shi.

Sauran tafiyar ba zan iya ba ku labarinta da kyau ba, don ban ga komai ba sai ƙeyar kakana. Kawu ya ɗauki hutu ya raka mu Makka a wani jirgin ƙasa mai gudun tsiya, aka tura tsohon a keke ya yi ɗawafi da sa'ayi. Kafin mu tashi matar kawu ta bi rigunansa ta ɗinke lambar wayar mijinta a cikin wuyan kowace da baƙin zare, har a gefen mayafin haraminsa ta rubuta da biro. Mutane suna kuka da ganin Ka'aba, ni ma na yi, amma hannuna ɗaya yana kan keken. Kawu ya so ya ɓoye gwangwanin gaba ɗaya, na roƙe shi ya bari. In aka raba shi da katunan nan ban san abin da zai rage masa ba.

Mun sauka Kano da rana, muka iso Zariya bayan la'asar. Mama ta kama hannunsa ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta jawo ni jikinta. Washegari 'yan barka da zuwa suka cika zaure, ana raba dabino da zamzam. Wani abokinsa ya ce, "Malam, ya Madina?" Ina tsaye da tire na ji ya ce, "Madina sai godiya. Har makarantarmu na leƙa. Sun sauya mata dutse, amma tagata tana nan. Hutu na tarar suna yi." Aka fashe da dariya, ana cewa Malam ba ya rabo da barkwanci. Shi bai yi dariya ba. Fuskarsa fes, irin ta wanda ya je ya ga gida ya dawo. Na ajiye tiren na shige ciki.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa, amma na sha wuya kafin na koye shi. In za ku yi tafiya da tsoho, kada ku tambaye shi ko abu yana nan, ku ce ya fito da shi ku gani da idonku. Ni da kakana Hausa ɗaya muke yi, kalma ɗaya muka faɗa, ashe kowa da abin da yake nufi. Kuma don Allah kada a ba mai suga magani a ce abinci sai an dawo, ko da masallacin a ƙofar gida yake.

Har yau ban gaya masa tashar jirgi ce ba, kuma na hana kowa ya faɗa. Mama ta ce tsoron zai sake ni a hankali. Wataƙila. Yanzu dai in aka kira salla ya ɗauki sandarsa ya nufi masallacin layinmu, wanda daga ƙofar gida ana hango shi, sai na zura hijabi na fito na tsaya a bakin soro. Maƙwabta sun fara tsokanata wai an yi sabuwar mai gadi. Su yi ta yi. Ba na komawa ciki sai na ga ya fito, ya sa takalmansa, ya juyo ta hannun gida.